Haƙora Arba'in da Biyar

Maganar nan ta daɗe tana yawo a gidan nan, kowa da irin tasa, ni kuwa da abin ya faru a kaina ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya tambaye ni. A ɓangaren 'ya'yan Yaya Sada ana cewa taurin kaina ne ya ci ubansu, wai ya ba ni shawara na ƙi ji. Mahaifiyarku Hajo kuma, don ta kare ni, sai ta ɗora wa Lawali makanike, ta ce shi ya zaɓa mani abin da ya ga dama. Duka biyun ba haka aka yi ba. Lawali bai zaɓa mani komai ba, shawarar Yaya kuwa na ji ta, har na yi aiki da ita kafin na sauka daga kanta. Tunda yanzu idona ya gaji da zare da allura amma hannuna bai mutu ba, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, ku da 'ya'yan Yaya duka, don ban taɓa raba ku ba. Sai dai kada ku sa ran a ƙarshe zan nuna muku wanda ya yi daidai, don ni kaina ban sani ba.

Kun taso kun gan ni a kan babur mai ƙafa uku, har wasunku na ɗauka da shi aka haife ni. Shan inna ya tafi da ƙafafuna tun ban yi wayo ba, a ƙauyenmu da ke bayan Runka. Na girma ina rarrafe da takalmi a hannu, kuma Allah da ikonsa sai ya ajiye abincina a gyaran takalmi, ni da ban taɓa sa shi a ƙafa ba. Da na dawo Batsari na yi aure, keken guragu nake murzawa da hannu ina bin kasuwanni, har kafaɗuna suka zama irin na 'yan dambe. Daga baya Lawali, wanda rumfarsa ke kusa da tawa, ya haɗa kai da wani mai walda suka yanke bayan wani ƙaramin babur, suka gicciya masa sandar ƙarfe mai taya biyu, suka ɗora kujera da akwatin kaya a baya, suka jawo giya da birki zuwa hannu. Ba kyau gare shi ba, yaran unguwa har waƙa suka yi masa. Amma ranar da na hau shi na je Runka na dawo ban kwana a hanya ba, sai da na yi kuka a ƙofar gida. Wannan babur shi ne ƙafata, ku riƙe wannan kafin mu ci gaba.

Injinsa na farko ƙarami ne mai haƙuri, ya yi mani bauta shekara da shekaru. A shekarar da aka ɗauke sabis na waya a yankinmu saboda ɓarayin daji, bayan an gama kaka, sai injin ya buga. Lawali ya buɗe shi ya leƙa, ya mayar da murfin, ya ce in yi masa addu'a kawai. Yaya Sada acaba yake yi tsakanin Batsari da ƙauyuka, kuma yana da injin wani tsohon babur ɗinsa da mota ta murƙushe gangar jikin, shi injin bai ji komai ba. Ya ɗauko shi cikin buhu ya dire a rumfar Lawali, bai ko tsaya na yi godiya ba. Haka halinsa yake, in ya yi maka alheri sai ya haɗa da faɗa don kada ka ji nauyinsa. Injin ya kusa ninka nawa girma, sai da aka sake walda kafin ya zauna. Ranar gwaji na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci yadda na saba, sai kawai na ga sama. Tayar gaba ta ɗaga, babur ya yi tsalle, muka tafi da bencin mai shayi da kofunansa. Da na hau kwalta kuma na kai giya ta ƙarshe, inji na ihu kamar ana yanka shi, mai na zurarewa, amma wani mai keke ya jera da ni har yana tambayata iyali. Na dawo raina a ɓace na ce wa Lawali injin Yaya baki ne kawai gare shi.

"Baba Mani, injin nan lafiyarshi lau," in ji shi. "Sifoket ɗin ne ba nashi ba."

Abin da yake kira sifoket wani faifan ƙarfe ne mai haƙora a gefe, wanda sarƙa ke hawa. Biyu ne, ƙarami a jikin inji, babba a sandar tayoyin baya. Ni faifai nake ce masa har gobe. Lawali ya tsuguna ya ɗauki ƙusa yana taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya ce na gaba goma sha huɗu, na baya arba'in da biyar, kuma saboda raunin tsohon injin aka sa wannan babban tun farko.

"Na baya in ya yi girma, ƙarfi ke nan, ba gudu," ya ce. "In ya ƙanƙance, gudu ke nan, ba ƙarfi. Na gaba kuma akasin haka."

"Tsaya. Babba shi ne ba ya gudu?"

"Na baya."

"A kekena na hannu, ranar da anka sa mani babba, ranar na fara wuce jakai."

"Ai wannan a hannunka yake, shi ne na gaba."

"To wanga inji ba shi ne hannuna ba yanzu?"

"Shi ne. Shi ya sa na ce na gaba akasin haka."

"Akasin wanne?"

Lawali ya cire hula ya sosa kai. Ya ɗauko murfin bokitin fenti da murfin gwangwanin madara, ya haɗa gefensu yana juya ƙaramin, yana nuna mani sai ya zagaya sau da yawa kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Ina kallo na gane sarai, har na ce masa ashe abin ba wuya. Kafin in kai gida ya juye mani a ka, na rasa wanne ne inji wanne ne taya. Washegari na koma da sabuwar tambaya, na ce in faifai ne ke ba da gudu da ƙarfi, to giyoyin nan huɗu aikin me suke yi, ado ne?

"Giya matakalar tsani ce, Baba. Faifai shi ne inda ka kafa tsanin. In ka kafa shi cikin rami, ko ka hau matakalar ƙarshe ba ka kai rufin ɗaki ba. In ka kafa shi kan tudu kuma, ta farko ma ba ka iya takawa."

Wannan na ɗan riƙe shi. Ya fito da wani faifan mai haƙora talatin da shida ya ajiye kusa da nawa, ya ce waɗannan biyun ne ramukan notinsu suka dace da waldar da aka yi mani. Na ce to ya zaɓa, ai shi ne makanike. Ya ce shi haƙora ya iya ƙirgawa, bai san hanyar da zan riƙa bi ba, in faɗa masa hanyar shi kuma ya faɗa mani faifan. Nan fa ya ɗaure ni, don hanyar da ke raina guda ɗaya ce, amma hali biyu gare ta.

Da don cin kasuwanni ne kawai, da ko wanne aka sa ban damu ba. Kakarku Iya ce matsalar. Tana can ƙauye, ta ƙi tashi, ta ce ba ta barin kushewar ubanmu, alhali ƙauyen sai raguwa yake yi, yau a kore shanun wannan, gobe a tafi da ɗan wancan. Ga shi ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya ƙugunta ya goce, ɗorin bai kama daidai ba, ba ta iya raba ƙafa a kan babur, zama ma sai a jingine. Shanun amalanke an kore su kaf. Motocin a-kori-kura sun daina wuce Runka. Duk abin hawan da ke danginmu, akwatin bayan babur ɗina ne kaɗai za a iya shimfiɗa mata katifa a ciki a fito da ita, kuma ni kaɗai na iya tuƙa shi. Yaya ya taɓa gwadawa, ƙafarsa na laluben giya inda babu giya, sai a cikin dangar maƙwabta muka tsamo shi. Ita kuwa hanyar, in ka bar Runka za ka hau burji mai tauri, fili fetal, itatuwan daji na kallonka daga yamma, kuma nan ne ake tare mutane. Daga nan sai ta gangara cikin rafi, ka bi cikinsa tafiya mai nisa a yashi, don gaɓoɓin duk kwazazzabai ne, sannan ka haura ƙauyenmu. Burjin gudu yake so, rafin ƙarfi yake so, ni kuma sandar baya ɗaya gare ni.

Wata la'asar Yaya ya shigo gida ya iske ni da murafai biyu ina juyawa a kan tabarma. Ya tsaya a kaina yana kallo.

"Kai Mani, mi kake tunani a nan? Mai ƙafa in an tare hanya sai ya yar da babur ya faɗa cikin kara. Kai fa? Gudun babur ɗin nan shi ne gudunka. A sa ƙarami a wuce wurin."

Mahaifiyarku tana madafi. Ba ta iya yi wa yayan miji musu ido da ido, sai ta yi maganar kamar da tukunya take.

"Hanyar lafiya dai a bi ta da shekara. Abin da ke da ƙafa uku, in ya yi gudu kifewa yake."

"Hanyar lafiya?" in ji Yaya. "Ina kika gan ta, Hajo? In kin gano ta ki nuna mana mu ma mu bi."

Sai na ji muciya ta ƙara ƙarfi a tukunya. Ni na san abin da ke zuciyarta, so take a sa faifan da babur ɗin ba zai tashi ba ma gaba ɗaya. Na bi ta Yaya, don shi ne babba, shi ne mai injin, kuma shi ya san hanya. Lawali ya kwance taya, ya zare sanda, ya sa mai talatin da shida, ya datse wasu gaɓoɓin sarƙa don ta yi daidai. Aikin ya ci yini, daga nan na gane ba abin da mutum zai ɗauki biyu a aljihu ya riƙa sauyawa a bakin hanya ba ne. Da na hau kwalta kuwa, wallahi ban taɓa jin irin wannan daɗin ba. Inji ya daina ihu ya koma gurnani, iska na cika mani riga, na wuce 'yan acaba biyu suna bina da ido. Ni da na yi rarrafe a garin nan! A wata kwana tayar baya ɗaya ta ɗaga har na ga ƙasa ta matso, na yi salati ta koma. Wannan ban gaya wa mahaifiyarku ba sai yau da za ta ji a bakinku.

Sai na ce bari in gwada rafin, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na tafi ni kaɗai, akwati ba komai. Burjin na shanye shi kamar ruwa. Ina gangarawa cikin yashi babur ya fara nishi, na sauko giya ta ɗaya, ya ɗan ja, ya yi tari, ya mutu. Na tayar, na murɗa mai, na riƙe kuloci rabi, sai ƙaurin ƙonewa ya taso, tayoyin baya suka nutse. Mai ƙafa a nan sauka zai yi ya tura. Ni kuwa na sauko da rarrafe na tone yashin da hannu, na koma na hau, ya sake mutuwa. Haka na zauna tsakiyar rafi rana na dukana, ba gaba ba baya, ko tsuntsu ya motsa a gaɓa sai in waiga. Wasu mata da suka zo tonon ruwa a yashi su suka ajiye tulunansu suka taru suka juya ni, suka tura har bakin burji. Wata dattijuwa a cikinsu ta tsaya tana haki.

"Bawan Allah, da mutanen daji ne sunka iske ka nan fa?"

Abin da nake tunani shi ne akwatin nan ba kowa a ciki ya yi haka, ina ga an sa Iya.

Daga ranar na shiga wani hali da ban so ku taɓa shiga irinsa. Na koma na ce wa Lawali ya mayar da babba, ya mayar, ya ƙara gaɓoɓin da ya datse. Ban daɗe da shi ba, ina dawowa daga wajen ƙauyen Yasore, sai ga babura sun taso a guje daga bayana, kowa na ihu a gudu, a gudu. Suka wuce ni fuu, suka bar ni ni kaɗai a kan hanya da inji mai kururuwa da tafiyar jaki. Ashe ba komai ba ne, wani ne ya hango makiyaya ya tsorata. Amma ni na riga na ɗanɗana, na koma na ce a sa ƙarami. In na tuna rafi sai in ga babba ne gaskiya, in na tuna hanyar Yasore sai in ga Yaya ne mai gaskiya, kuma kowanne in ina cikinsa ba na ganin ɗayan ko kaɗan. Na je wajen liman, ya ce in yi istihara. Na yi, na yi mafarkin ina gyaran takalmi. Mahaifiyarku ta ce ai sai a nemo na tsakiya ko daga Katsina ne, na ji kamar ta warware mani komai, na garzaya rumfar Lawali da wannan.

"Ana iya nema, a sake huda ramuka," ya ce. "Amma in gaya maka gaskiya, Baba, da nauyin mutum biyu, na tsakiya a rafi sai ya kafe kaɗan, a burji kuma a kama ka kaɗan."

"Ana kama mutum kaɗan?"

"To ka gani. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Kuma sarƙar nan ta gaji da datsa da ƙari, ka tsaya wuri ɗaya."

Ina cikin wannan ruɗu wani maƙwabcin Iya ya shigo cin kasuwar Batsari ya neme mu, tunda waya ba ta tafiya. Ya ce gidan da ke ɗebo mata ruwa su ma sun ɗaure kaya, kuma Iya ta sauko, ta ce a zo a ɗauke ta. A ranar ƙarami ne a jikin babur. Na tafi rumfar Lawali na zauna. Ba zan ce muku na gane lissafin haƙora ba, har yau in aka matsa mani sai na nemi murafai. Abu ɗaya ne ya tsaya mani a rai. Ɓarayi wata rana suna kan hanya, wata rana ba sa nan. Rafi kuwa kullum yana nan, ba ya zuwa kasuwa ba ya zuwa biki. Na ce wa Lawali ya sa mai arba'in da biyar, ya sa sabuwar sarƙa. Yana cikin ɗaure noti Yaya ya iso.

"Inji na ba ka ko jaki?" ya ce. "Ka samu doki ka ɗaure mashi ƙafa. In anka biyo mu fa?"

"In munka kafe a rafi da Iya fa, Yaya?"

"Sai in tura."

"Kai kaɗai? Mata sun fi biyar da sunka tura ni, akwati ba kowa."

Ya yi tsaki, ya kalli faifan kamar ya tofa masa yawu. Bai yarda ba, ku rubuta wannan, har ya bar duniya bai yarda ba. Amma bai ce a cire ba, kuma da ya ce a cire da na cire, don ban taɓa tsallake maganarsa sau biyu ba. Abin da ya ce kawai shi ne in cika tanki, gobe da sassafe zai biyo mani.

Mun wuce burjin lafiya, yana gaba yana jirana, yana gaba yana jirana, kowace tsayawa da irin baƙar maganar da zai jefo. Muka iske ƙauyen shiru, ko kukan akuya babu. Iya na zaune a ƙofar ɗaki kan ƙullin kayanta, ta yi shirinta tun asuba. Kunnenta ya yi nauyi a lokacin, sai an ɗaga murya. Ta dubi babur ɗina sama da ƙasa ta ce wannan abin ne zai kai ta birni, to Allah shi kyauta. Yaya ya shimfiɗa katifa a akwati, ya ɗauke ta cak kamar jaririya ya jinginar da ita, ya sa mata buta da ƙullin kaya a gefe, kajinta kuma ya ɗaure a bayan nasa babur ɗin. Da na tayar da inji ta ji rurin a jikinta, ta ja mayafi ta rufe kai ruf, ta ce kada a buɗe ta sai an isa. Muka gangara rafi. Ya ku 'ya'yana, da kun ga babur ɗin nan a ranar! Ya sa kai cikin yashi a giya ta biyu yana tafiya kamar sa a huɗa, bai yi tari ba ko sau ɗaya. Yaya ne ma ke fama a bayana, nasa na wutsil-wutsil yana taka ƙasa da ƙafafu. Da muka haura gaɓa ya jera da ni yana share gumi.

"To, jakinka ya yi rana," ya ce.

Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ina cikin jin daɗinta muka hau burji, rana ta yi hantsi, har ina hango rufin kwanon Runka can nesa. Sai na ji ƙarar babura daga yamma, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na waiga na gan su suna fitowa daga cikin itatuwa, kowane babur da mutum uku. Na tura giya ta ƙarshe na murɗa mai har hannuna ya ƙare. Inji ya kama ihunsa, jikin babur na rawa, amma tafiyar ita ce dai wadda mai keke ya taɓa jerawa da ita. Na ci gaba da murɗa abin da ya riga ya ƙare, ina jin ƙarar tana matsowa. Yaya yana da nasa gudun a hannu, da ya sake shi ko ƙurarsa ba za su gani ba. Ya matso gefena, ya dubi tayar baya, ya dubi mayafin Iya, bai yi mani gori ba.

"Kar ka tsaya, kar ka waiga," ya ce.

Ya rage gudu ya koma baya. Na waiga duk da haka, na ga ya karya ya bi wata 'yar turba da ta yi kudu cikin gonaki, yana danna ham, kajin Iya na kuka a bayansa. Babur ɗinsa irin wanda mutanen nan ke so ne, nawa kuwa ko kyauta aka ba su ba su iya tuƙa shi. Suka karya suka bi shi gaba ɗaya. Can na ji harbi. Ban tsaya ba.

Sauran kun san shi, yadda 'yan sa-kan Runka suka fita, da yadda aka ɗauko gawar Yaya da la'asar daga cikin karan dawa. Bayan an share makoki na koma wajen Lawali na ce ya gaya mani tsakaninsa da Allah, da ƙarami ne a jiki da mun tsere? Ya ce a burji kam da wuya su kamo mu, in ban kife ba. Na ce da mun haye rafin? Ya ce da Iya a akwati, ko kusa. Na ce to wanne ya kamata in sa? Ya sunkuyar da kai yana goge sifana da ba ta da datti. Wani lokaci ina cewa da mun kafe a rafin, ƙila da mun ɓata lokaci har sun wuce ba mu haɗu ba. Wani lokaci in ce ƙila a rafin za su iske mu mu uku. Wani lokaci ma in ce ƙila da Yaya ya yi gudunsa, da sun dubi gurgu da tsohuwa sun wuce. Na juya shi ta kowace fuska fiye da yadda na juya murafan nan, bai taɓa tsaya mani wuri ɗaya ba. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, na yi imani da haka, amma imanin bai hana ni ƙirga ba.

Abin da ba ku sani ba, don ban taɓa iya faɗarsa da baki ba, shi ne abin da ya faru da muka shiga Runka. Na yi wa mutanen bakin gari ihu na nuna musu kudu, suka kwasa a guje. Na gangara gindin wata tsamiya na kashe inji. Iya ta ji rurin ya ɗauke, ta yaye mayafi tana ƙifta ido. Ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba.

"Mun iso?" ta ce. "Kai, wanga abu naka ya kakkarya ni. Ina wancan? Shi zo shi sauke ni, ƙuguna ya riƙe."

Wancan take ce masa, don ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ita ba ta iya sauka, ni ba ni iya sauke ta, muna zaune baya da baya a kan ƙarfe ɗaya.

"Ai shi ya fi ka gudu, ya riga mu isowa," ta ce. "Duba shi wajen masu shayi."

Da ta ji shirun ya yi yawa, sai ta dafa gefen akwati ta juyo da ƙyar ta kalli fuskata. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta fuskanci hanyar da muka fito, ta ɗaga murya yadda ban san tana da ita ba.

"Sada!" ta kira. "Sada!"